Ƙasa, Kwano da Siminti: Wane Irin Sabon Gini Ne Zai Karɓi Kabo da Gwarzo?

A tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, ɗakin da ya fi cin kuɗi a gidaje da yawa na Kabo da Garo da Getso shi ne wanda ba ya zaunuwa. Bulo ne na siminti mai inci shida, an shafe shi da filasta, an yi fenti, an ɗora kwano a kai. Daga hantsi har bayan la'asar maigidan yana gindin darbejiya, ko yana tsohon zauren ƙasa da ya gada, wanda shi ma jira yake a yi kaka mai kyau ya rushe shi ya sa bulo. Masu zanen gine-gine da ke zuwa daga birni sukan ce rashin sanin darajar gado ne. Ni ban ga haka ba. Wanda ya bar ƙasa ya koma siminti yana da hujjoji masu ƙarfi, kuma duk sabuwar fasahar ginin da ba ta amsa hujjojin nan ba, a takarda za ta ƙare.

Abin da duniya ke nema yanzu shi ne gini mai sauƙin illa ga muhalli: gidan da ba a ƙona makamashi mai yawa wajen haɗa kayansa ba, wanda kuma ba sai an zuba masa wutar lantarki ba kafin ya zaunu. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa gine-gine, tun daga sarrafa kayansu har zuwa zama a cikinsu, su ke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin kabon da ke fita ta hanyar makamashi. Siminti kaɗai yana da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin duniya. Kafin a same shi sai an niƙa farin dutse da yumɓu an gasa su a zafin digiri 1,450, su dunƙule su zama abin da ake kira kilinka, abin hura wutar kuwa kwal ne ko iskar gas. Inda gizo ke saƙar shi ne, dutsen da kansa idan ya gasu iskar kabon yake saki, kuma wannan ya fi rabin hayaƙin. Ko da hasken rana aka gasa shi sai ta fita.

To amma manomin Durun ko Kutama ba shi ya ɗumama duniya ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa kaffarar abin da masana'antun Sin da Amurka da Turai suka aikata. Shi damuwarsa kuɗi ce, da zafi, da ruwan Agusta. A farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur da karyewar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanoni a watan Fabrairu aka yi maganar dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Simintin da ake saukewa a Gwarzo daga nesa yake tahowa, Obajana ta Kogi ko Ashaka ta Gombe ko Kalambaina ta Sakkwato, ɗaruruwan kilomita a bayan tirela mai shan man dizal. Kuma duk lokacin da buhu ya tashi, ƙwarin bulo ne ke fara sauka kafin kuɗinsa ya hau: mai bugawa ya ƙara yashi, ya rage ban ruwa, har ka murza gefen bulo da yatsa ka ga yana zuba. Yashin ma daga cikin koguna 'yan tifa ke kwaso shi, gaɓa ta zaizaye, gonar da ke bakin rafi ta bi ruwa. A nan ne buƙatar duniya da ta talaka suka haɗu: kowa zai so a rage siminti, kowa da dalilinsa.

Ginin da aka bari ba ƙaramin ilimi ba ne. Magini yana zaɓar birji, a jiƙa shi, a zuba busasshiyar ciyawa, a tattake, a bar shi kwanaki ya ruɓa kafin a dunƙula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai. Idan ya bushe a jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri a gindi yana sirancewa sama. Rufi kuwa azara ce, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan ƙarancin ne ya tilasta wa magina ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga: a riƙa ɗaura gajerun azara suna zarce juna daga kowane bango har su haɗu a tsakiya. A bisa a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo. Maganin ruwa kuma makuba ce daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, shi ne ƙololuwar wannan sana'a. Ba ta kuma tsaya a tarihi ba: masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Sirrin sanyin ɗakin ƙasa kauri ne. Zafin da rana ta buga wa bango da hantsi sai ya yi sa'o'i da yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, kafin nan rana ta faɗi. Da hunturu kuma abin ya juya, ɗumin da bango ya tara da rana ya riƙe ɗaki da dare. Amma kada a wuce gona da iri wajen yabo. A ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da dare ma ba ya hucewa, bangon yana amayo zafinsa bayan isha'i, shi ya sa tun kaka da kakanni a tsakar gida ake kwana a bazara. Ɗakunan dā kuma ba su da tagar kirki, ga duhu, ga ƙarancin iska, abin da likitoci ke gargaɗi a kansa duk lokacin sanƙarau.

Me ya sa aka bar shi? Babban dalili rufi ne. Giginya tana shekaru gommai kafin ta isa tsagawa, an sare manyan ba a dasa ƙanana ba, gonaki sun cinye daji. Da azara ta yi tsada sai aka koma itacen darbejiya da na turare, waɗanda gara ke ci ta ciki ba a sani ba. Rufin ƙasa a kan ruɓaɓɓen itace, ya kwana uku yana shan ruwan Agusta, nauyinsa ya ƙaru, shi ne ke ruftawa kan masu barci, kuma da wuya damina ta wuce ba a ji irin wannan labari a rediyo ba. Wanda ya taɓa tono ɗan'uwansa daga ƙarƙashin soro ba ka da bakin yi masa wa'azin kyawun ginin gargajiya. Na biyu yaɓe ne. Gidan ƙasa yana son hannu duk shekara kafin ruwa ya sauka, a dā kuwa gandu da gayya ke yin wannan. Yanzu samarin da za su kwaɓa ƙasa suna Kano ko Abuja ko Legas neman kuɗi, duk abin da za a yi sai an biya lebura. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya, ɗorawa ma masu gawayi ba su bar ta ba. Sannan ga martaba. Dillali yakan yi wa gidan ƙasa kuɗin fili ne kawai, kuma iyayen yarinya suna duba irin ɗakin da za a kai ta.

Saboda haka daga sama gidan ya fara canzawa. An cire ƙasar rufi aka sa kwano a kan tsohon bango, bakin kwanon bai zarce sosai ba, ruwa ya riƙa zuba a gindin gini yana cin sa. Don a huta da yaɓe aka shafa filastar siminti, alhali siminti ba ya kama ƙasa: ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, wata rana filastar ta ɓamɓaro da rabin bango. Yawancin abin da ake gani yau a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko, wannan haɗin gambizar ce, ba ginin Babban Gwani ba.

Tunda ta rufi ɓarnar ta shigo, ta nan ya kamata gyara ya fara, kuma a ganina kuɗin da aka kashe a rufi ya fi kowanne biya. Kwano a tsakar ranar bazara yakan wuce digiri 60, ya riƙa turo zafin kai tsaye kan na ƙasa. Yayin da ake yi yanzu na rufi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ƙara wa wuta fetur ne, domin duhun launi zafi yake sha. Mafi arhar magani shi ne farin fenti mai mayar da hasken rana. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe fiye da mutum 1,300, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka shigar da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, kuma gwaje-gwaje a can sun nuna zafin ɗaki na sauka da digiri 2 zuwa 5. Cikas ɗinmu ƙurar hunturu ce, wadda ke lulluɓe farin daidai gab da shigowar bazara. Sai an wanke rufin a ƙarshen Fabrairu, a lokacin da jarkar ruwa ke tsada. Duk da haka kwano fari mai ƙura ya fi baƙi sanyi.

Silin ma yana taimakawa, amma sai an bar wa zafin da ya taru tsakaninsa da kwano ƙofar fita, a sa raga saboda jemagu. Wanda ya kai wannan dabara maƙura shi ne Francis Kere, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. A makarantar firamaren da ya kammala wa garinsu a 2001, ya yi bango da silin na bulon ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama a kan saƙar rodi, ya bar fili tsakani iska na ratsawa, bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai yana ba shi inuwa yana kare shi daga ruwa. Kwanon ya zama laima kawai, ba ya taɓa iskar da yara ke shaƙa. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kere a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini. Duk wanda ya san ajin firamare na ƙauye da ƙarfe ɗaya na rana, yara sun haura saba'in a ƙarƙashin kwano tsirara, ya san abin da wannan zai canza. Gargaɗi ɗaya: guguwar farkon damina a yammacin Kano ta saba yaye rufin makarantu, kwanon da aka ɗaga kuwa ya fi ba iska wurin kamawa. Idan ba a ɗaure saƙar ƙarfen da bango har zuwa harsashi ba, ruwan farko zai tafi da shi.

Akwai kuma hanyar da ke kawar da kwano da katako da azara gaba ɗaya, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa irin na mutanen Nuba da ke kudancin Masar. Ana jera ƙananan bulon ƙasa a karkace, kowane layi yana jingine da na bayansa, har baka ya rufe ba tare da an tokare shi da komai ba. Hassan Fathy ya farfaɗo da shi a Masar a shekarun 1940. An kawo shi Cikal ta ƙasar Filinge a Nijar a 1980, inda ya zama abin da ake kira gini ba itace, daga nan ya bazu a garuruwa da dama na ƙasar. A shekarar 2000 wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina Faso, Seri Youlou, suka kafa ƙungiyar da ta sauƙaƙa tsarin a garin Boromo: faɗin ɗaki kada ya wuce mita 3 da kwata, tsawo kuwa yadda aka ga dama, bangon da ke ɗauke da bakan ya kai kaurin santimita 60, a shimfiɗa leda a bisa kafin a zuba ƙasar ƙarshe. An gina dubban gidaje da shi a Burkina Faso da Mali da Senegal da Gana da Benin. Faɗin nan ya yi daidai da ɗakin Bahaushe, saman kuma ana daidaita shi a kwana a kai da bazara. Wannan ita ce amsa mafi kai tsaye ga rashin azara. Amma bakan yana tura bango waje da ƙarfi, kuskure kaɗan a harsashi ko a kauri rai zai ci. Sana'a ce da ake koya a hannun gwani, gini bayan gini, ba a bidiyon waya ba.

Bangon kansa, sabon abin da ya fi jan hankali shi ne bulon ƙasa na matsi. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan yayyafa ruwa, a matse da inji har ta dunƙule ta yi ƙarfi, sannan a lulluɓe da leda ana ban ruwa na wasu makonni. Ba a gasawa. Injin hannun da ya fara yaɗuwa an ƙera shi ne a Kolombiya a shekarun 1950, daga baya kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu ya yaɗa mai amfani da inji, wanda bulonsa ke sarƙe juna ba sai an sa kwaɓin siminti tsakani ba. Misalin da ya fi kusa da mu yana Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa. Mutanen garin sun so sabon masallaci mai ƙarko, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana musu shi da bulon matsi daga jar ƙasar yankin, aka kammala a 2018, yana ɗaukar kimanin mutum 1,000, tsohon masallacin ƙasa kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe. Abin lura a Dandaji shi ne ginin ba ya kama da na talauci. Layukansa a miƙe suke, gefen bulo a kaifafe, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara. Ya amsa maganar martaba da ta gyara a lokaci guda.

Jar ƙasa da marmara ba su yi ƙaranci a Gwarzo da Kabo ba, duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan ya gani. Amma akwai abin da masu tallar wannan bulo ba su cika faɗa ba. Bulon matsi cikakke ne, ba rami a cikinsa, na siminti kuwa kusan rabinsa iska ce. Idan aka lissafa simintin da ya shiga bango mai girma ɗaya, wanda aka yi da kashi 8 cikin 100 zai iya cin kusan abin da bulon kasuwa ya ci. Ribar tana fitowa ne daga rashin kwaɓin jeri, da rashin filasta da fenti, da rashin sayen tifar yashi. Wanda ya gina da shi ya koma ya shafe da filasta don kada a ce gidansa na ƙasa ne, ya zubar da ribar. Haka nan siririn bango na bulo ɗaya ba zai yi sanyin tsohon soro ba, don sanyin a kauri yake. Kuma ba kowace ƙasa ke yi ba. Ta saman gona tana da taki, baƙar laka ta fadama tana kumbura ta tsage. Gwajin farko mai sauƙi ne: a zuba ƙasar a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye, tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, a ga yawan kowanne. Wadda ake so ita ce mai rinjayen yashi da laka daidai gwargwado. Ban ruwa da rani ma lissafi ne, garin da ke kusa da madatsar Guzuguzu ba ɗaya yake da wanda ke dogaro da rijiya ba. Kome kyan bulon kuma, sai an ɗaga harsashi da dutse ko kankare ya haura inda ruwa ke fantsama, a shimfiɗa leda mai kauri ta tare damshi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matsa bulo nata, a Jos kuma hukumar gidajen tarihi ta buɗe cibiyar koyar da ginin ƙasa tare da masana daga Faransa. Abin da ya hana shi yaɗuwa lissafi ne. Mai gina ɗaki biyu ba zai sayi inji ba, mai inji kuma ba zai kai shi ƙauye saboda ɗaki biyu ba. Bulon siminti kuwa ana sayensa hamsin yau, ɗari bayan an sayar da rago, a jibge a ƙofar gida shekara biyu ana tarawa, kuma haka talaka ke gini. Sai an samu masu bugawa su ajiye na sayarwa a bakin kasuwa, ko ƙungiyar magina ta mallaki inji tana bayarwa haya kamar yadda ake hayar injin casar masara. Ramin da za a bari kuma kada a manta da shi. Kududdufan birnin Kano daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, kuma an san abin da suka zama: matattarar shara da sauro, wani lokaci har da ran yaro. Garin da zai koma ƙasa sai dagaci da ƙaramar hukuma sun keɓe wurin haƙa tun farko.

Simintin ma ana yi masa gyara. Masana daga Suwizalan da Kuba da Indiya sun fito da wani da ake kira LC3, wanda rabinsa kawai ne kilinka, sauran kuwa yawanci gasasshen yumɓu ne da niƙaƙƙen farin dutse. Yumɓun a zafin digiri 800 ake gasa shi, kuma ba ya sakin kabon irin na dutse, don haka hayaƙin na iya raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. Irin farar ƙasar da ake buƙata akwai ta a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ba nisa da Gwarzo. Tokar ƙaiƙayin shinkafa, wanda ke tsibi a bayan injinan Kura da na birnin Kano, ita ma tana iya maye gurbin wani kaso na siminti idan an ƙona ta a zafin da ya dace aka niƙa ta lukui. Tokar juji ba ta yi. Sai dai duk wannan shawarar masu masana'anta ce, magini a Kabo abin da ya tarar a buhu shi zai kwaɓa. Gidan kwalaben roba cike da yashi da aka gina a Sabon Yelwa kusa da Kaduna a 2011 ya sha ɗaukar hoto, amma a inda kwalba ke da masu saye don zuba zoɓo da kunun aya, ban ga zai zama hanyar gina gari ba. Jan bulo na gashi kuwa, idan da itace za a gasa shi, an gudu ne ba a tsira ba.

Sola kuwa ita ce fasahar da ba ta buƙatar mai talla. Kuɗin farantanta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta, ya ƙara kora mutane gare ta. Tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019 a kan titin Gwarzo take. Amma a lura da tsarin abin: fanka da fitila da cajin waya faranti ɗaya ko biyu sun ishe su, na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana son faranti da batir na miliyoyin naira. Wanda ya gina ɗaki mai zafi ya ce sola za ta sanyaya masa, ya biya sau biyu. Rahusa tana wurin abubuwan da ba a saye: a miƙar da ɗaki ta yadda dogayen bangayensa za su kalli kudu da arewa, a rage taga a yamma, a yi tagogi masu fuskantar juna da wata ƙarama a sama don zafi ya fita, a bar bishiya a yammacin gida, a daina malale tsakar gida duka da siminti. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kusan abin da ta ce ke nan: kada gilashi ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da inuwa, rufi kuma a sa masa abin tare zafi. Sai dai ba ta aiki sai jiha ta ɗauke ta, kuma ko ta ɗauka, mai gina ɗaki a garin Godiya ba ya kai zane ofis.

Ba doka ce za ta sauya ginin ƙauye ba, gani ne. Mutane sun koyi bulo da kwano ne daga makaranta da asibiti da sakatariya da gidan alhajin gari, kuma ta wannan hanyar za su koyi wani abu dabam. A nan Gwarzo da Kabo suna da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Makarantar nazarin muhalli ta kwalejin fasaha ta jihar Kano, inda ake koyar da zanen gini da aikin gini da ƙiyasin kayan aiki, a Gwarzo take, ga kuma babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo a 'yan shekarun nan. Su ya kamata su gwada ƙasar kowace gunduma su ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, su gina ɗakuna iri uku ko huɗu a jere su rataya ma'aunin zafi daga Maris zuwa Mayu, su kira tsofaffin magina da suka rage su zauna da ɗalibai tun suna da sauran ƙarfi. Akasarin alƙaluman da ake kawowa kan wannan batu daga Indiya da Burkina Faso suke, namu na Kabo ake buƙata.

Babban ƙulli kuma yana cikin takardar kwangila. Duk ajin firamare ko ƙaramin asibitin da za a bayar, jerin kayan aikin ya riga ya rubuta bulon siminti mai inci tara da kwano da silin, kuma da wannan jerin ake biyan ɗan kwangila. Ko ya san bulon matsi ya fi, ba zai sa abin da mai duba aiki zai ƙi sa wa hannu ba, balle ribarsa a sayen siminti da rodi take. Sai hukumar ilimin firamare ta jiha da ma'aikatar ayyuka sun fitar da zane na biyu da aka amince da shi, da farashinsa, da ƙarfin da ake so kowane bulo ya kai, da wurin da za a kai shi a gwada kafin a biya.